Tarihin 'Yar Tsana a Ƙasar Anka, Gummi da Bukkuyum

'Yar tsana ita ce ɗan mutum-mutumin da yara mata ke haɗawa da ƙashi ko kara ko totuwar masara ko tsumma, su ɗaura mata zane, su yi mata kitso, su goya ta, in sun ga ta isa kuma su aurar da ita. A yammacin Jihar Zamfara, ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, wasa ne tsoho kamar yadda yake a sauran ƙasar Hausa, kuma bai taɓa zama sana'a ba. Akwai Sarkin Maƙera, akwai Sarkin Fawa, amma ba a taɓa naɗa wa masu yin 'yar tsana sarki ba, ba ta kuma shiga kasuwa ba sai da ta roba ta zo. Da abin da gida ya gama mora ya yar ake yin ta. Don haka kamanninta a kowane zamani sun dogara ne ga abin da gidajen yankin suke iya yarwa a lokacin, kuma babu abin da ya sauya ta kamar tsada da arhar tufafi.

Garuruwan nan uku suna cikin ƙasar da Gulbin Zamfara ya ratsa, Gulbin Ka kuma yana daga kudu. Bayan Gobirawa, ƙarƙashin Sarki Babari, sun ci Birnin Zamfara wajen 1762, gidan sarautar Zamfara ya yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, har ya zauna a Anka a farkon ƙarni na 19, inda Sarkin Zamfara yake har yau. Gummi na da Sarkin Mafara, Bukkuyum na da Sarkin Danko. A zamanin Turawa yankin yana cikin Lardin Sakkwato, daga nan ya shiga Jihar Arewa maso Yamma, sannan Jihar Sakkwato, har zuwa 1 ga Oktoba 1996 da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara. Mutanensa manoma ne na gero da dawa da auduga da gyaɗa da wake, ga shinkafa da kayan lambu a fadamun gulbi. Aikin gona shi ke tsara shekara, har da lokacin da yara ke samun sararin wasa da irin kayan da suke wasan da su.

Da kaka, bayan girbi, kara ya wadata. A yanke gaɓa ɗaya ta karan dawa ta zama jiki, a tsaga ɓawon wata a soka daga gefe a sami hannuwa. Bayan Babbar Salla ƙashi ne ke samuwa, domin kusan kowane gida ya yi layya ko an aiko masa da nama. Da damina kuma laka ta jiƙa, masara ta yi gemu, gemun nan kuwa shi ne gashin da ya fi sauƙin kitsawa. Daminar yankin takan kankama a watan Yuni ta ƙare a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, kuma a Agusta ruwa ya fi ƙarfi. Lokacin ne ake marka, ruwan da ke wuni yana zuba ba ya ɗaukewa. Ranar marka ba a zuwa gona, domin ƙasa ta yi taɓo, fartanya ba ta ci. Matan da suka shuka kuɓewa da yakuwa da rama da kabewa a bayan ɗaki su ma ba su da abin yi a ciki. Ba a shanya, talla ta tsaya, dandali ya cika da ruwa. Yarinyar da a sauran ranakun damina take kai abinci gona, ko cirar ciyawa, ko zuwa rijiya, sai ta wuni a ɗaki ɗaya da uwarta ko kakarta, wadda ita ma hannunta ya huta. A irin wannan rana ake kwance ƙullin tsummoki, a fito da allura.

Ta ƙashi ita ce mafi ƙarko, kuma tsofaffi sun fi tunawa da ita. Ƙashin ƙafar rago ko akuya ake nema, dogon nan na ƙasa da gwiwa. A kankare shi, a wanke da toka, a shanya har ya yi fari ya daina ƙarni. Bakin da ya fi faɗi shi ne kai. A nan ake liƙa kakin zuma ko danƙo, a manna zare baƙi ko gashin da aka tsefe, a kitsa shi ƙanana-ƙanana. Duwatsun wuya da jigida daga waɗanda suka tsinke wa uwa ake tsinto su. Ba ta da hannu, ba ta da ƙafa, fuskarta ma sau da yawa ba ta wuce ɗigo biyu na tozali ba. Abin lura shi ne zanenta: guntun tsumma ne da bai fi faɗin yatsu uku ba, kuma shi ne abin da ya fi wuyar samu a jikinta duka.

Dalilin haka yana cikin yadda ake samun tufa kafin zuwan yadin kanti. Zane ɗaya aikin watanni ne da hannaye da yawa. A nome auduga a tsince, mata su gurje ta a kan dutse su fitar da angurya, su shiɓe ta, su zauna da mazari su kaɗa zare, siriri daban, abawa daban. Masaƙi ya saƙa shi siraran layuka masu faɗin 'yan yatsu, maɗinki ya harhaɗa layukan da allura, in za a rine a kai marina a tsoma a baba, daga nan a kai wa masu bugu. Mata kuma suna da tasu masaƙar mai faɗi a cikin gida, inda ake saƙa gwado. Tufar da aka yi ta wannan hanya ba ta barin saura. Zane ba a yanka shi, ɗaurawa ake yi yadda ya fito. Rigar maza kuwa jera layuka ake yi daidai tsawon da ake so, ɗan abin da aka rage a wuya a mayar da shi aljihu ko shafi. Almakashi ba shi da wani aiki mai yawa.

Ko da tufa ta tsufa, da sauran tafiya kafin ta kai ga yaro. Zanen da ya koɗe ya koma na aikin gida, in ya yage a raba shi, wani ɓari ya zama majanyin goyo, wani ya zama gammo, wani a shimfiɗa wa jariri. Mai ɗan ƙwari a yi maho da shi a jikin wata rigar. Wanda ya ruɓe a murza shi ya zama lagwanin fitilar aci-bal-bal, ko a toshe tulun da ke yoyo. Abin da ya tsira daga duk waɗannan shi ne rabon 'yar tsana, kuma bai isa a yi jikinta da shi ba. Dole jikin ya fito daga gona ko mahauta, tsumma ya tsaya a matsayin ado.

Batun halaccin 'yar tsana ya daɗe a hannun malamai, kuma Zamfara ba baƙuwar malamai ba ce; Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar a ƙarshen shekarun 1780. Hadisan da suka hana yin sifar abu mai rai sanannu ne, amma kusa da su akwai waɗanda suka keɓe wasan yara. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah (SAW). A ruwayar Abu Dawud, iska ta yaye labulen wani ɗan lungu a ɗakinta, sai ya hango 'yan tsanarta, a cikinsu har da doki mai fukafukai biyu na ƙyalle. Da ya tambaye ta, ta kafa hujja da dawakin Annabi Sulaimanu, sai ya yi dariya. Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu kuma ta ba da labarin yadda matan Madina ke yi wa yaransu abin wasa da ulu ranar azumin Ashura, don su shagala da shi har a sha ruwa. Alƙali Iyal, malamin Malikiyya da ya rasu a 1149, wanda ake karanta littafinsa Ashafa a masallatai da zaurukan ƙasar Hausa duk watan azumi, ya tafi a kan cewa 'yan tsanar yara mata an cire su daga hanin, saboda suna koya musu raino da riƙon gida. An dai ruwaito cewa Imamu Malik ya ƙi mutum ya saya wa 'yarsa ita. 'Yar tsanar gargajiya ta zauna daram a cikin wannan rangwame, tun da ba saya ake yi ba, sifarta kuma ba ta cika ba. Har yau akwai gidajen da ake barin yarinya ta yi abinta amma a hana ta zana ido da baki. Da Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta hana teloli da masu shaguna baje kaya a jikin mutum-mutumi a 2021, kan wannan batu na cikar sifa aka yi ta muhawara.

Sauyin samun tufa ya fara ne bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris 1903. Masu masaƙun Ingila na neman auduga, har sun kafa ƙungiyar bunƙasa nomanta, BCGA, tun 1902, kuma ƙasar Zamfara na daga cikin inda idonsu ya tsaya. A 1929 layin dogo ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya kai Ƙaura Namoda. Aka kafa injin gurza a Gusau, aka buɗe fulotan sayen auduga a ƙauyuka. Jirgin da ke fita da auduga shi ke dawowa da dilar yadi. Kantunan kamfanoni irin su UAC da John Holt suka cika da akoko da alawayyo da atamfa, fatake da 'yan koli suka ɗauka suka bi kasuwannin yamma, ta hanyar da a yau ta taso daga Mayanci ta ratsa Anka da Ɗaki Takwas zuwa Gummi. Masaƙan gida ba su mutu nan take ba, sun ci gaba da aiki shekaru da dama, domin manomi ya san gwado ya fi akoko jure wahala. Amma da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, wasu suka biyo bayanta, har Gusau ta sami tata, Zamfara Textile Industries, a shekarun 1960, sai yadin inji ya zama tufar kowa.

Yadi kaɗai bai isa ya haifar da ƙyalle ba, sai da keken ɗinki da sabon yayi suka haɗu da shi. Keken Singer ne ya fara shiga, daga baya Butterfly na ƙasar Sin, mai sauƙin kuɗi, ya kai har ƙauyukan da mota ba ta zuwa. Mata suka koma sa riga a kan zane, aka shiga yayin buje da riguna masu hannu iri-iri. Turmin atamfa yadi 6 ne. In an fitar da zane da ɗan kwali, sauran sai an yanka shi a lanƙwashe, a fitar da wuya da hammata da kafaɗa. Kowane lanƙwasa kuwa yana zubar da ɗan guntu a ƙasa. A karon farko aka sami wuri guda a gari inda sabon yadi mai launi ke taruwa ƙarƙashin ƙafar tela, yana sharewa da yamma.

Ba a bar wa yara ƙyallen duka ba. Mai kaya takan nemi sauran yadinta, kuma rigimar tela da mai kawo ɗinki a kan wannan saura tsohuwa ce. Masu cusa matashin kai da katifa suna kwasa, masu gyaran keke da injin niƙa suna neman abin goge hannu, tsofaffin mata suna harhaɗa manyan guntaye su yi shimfiɗa. Ƙananan da ba su kai tafin hannu ba su ne na 'yan mata, kuma su ne suka fi kowa damar zuwa. A gidajen da ake kulle, yarinya ce ƙafar uwarta: ita ke kai ɗinki, ita ke karɓowa, ita ke yawon talla. Mai bincike Enid Schildkrout ta nuna a aikin da ta yi a Kano cikin shekarun 1970 yadda sana'ar matan kulle gaba ɗaya ta dogara ga zirga-zirgar yara, kuma haka abin yake a garuruwan Zamfara. Sai yarinya ta aje farantin tallarta a bakin shagon tela, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, “Baba tela, a taimaka muna da ƙyalle.” Wani ya nuna mata ƙarƙashin keke da haɓa, wani ya ce sai ta share shagon tukuna. Goman ƙarshe na azumi da makon Babbar Salla su ne kakar ƙyalle, lokacin da teloli ke kwana suna ɗinki. A tara a gwangwanin madara a ɓoye har ranar da za a sami zama. Da yake watannin Musulunci suna matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, wani lokaci kakar ƙyalle da marka sukan faɗo tare, kamar daga 2011 zuwa 2013 da aka yi Ƙaramar Salla a Agusta, da 2018 da 2019 da Babbar Salla ta faɗo a watan.

Hanyar yin 'yar tsanar ƙyalle iri biyu ce, gwargwadon shekarun mai yi. Ƙaramar yarinya ba ta bukatar allura. Ta sami ƙyalle mai ɗan faɗi, ta dunƙule auduga ko audugar rimi ko tarkacen ƙyallaye a tsakiyarsa, ta tattaro gefen ta ɗaure da zare, kai ya samu. Abin da ya zubo ƙasa shi ne jiki. Ta murza wani ƙyallen ya zama igiya, ta ratsa shi ƙarƙashin wuya, ta ƙulla bakinsa biyu, hannuwa sun fito. Wadda ta kai shekara tara ko goma kuwa yanka take yi. Ta ninka yadin biyu, ta zana sifar da gawayi, ta bi zanen da tsohuwar reza, domin ba kowace uwa ke ba da aron almakashi ba. Ta ɗinke gefe ta bar ɗan baki, ta juya cikin waje, ta riƙa tura auduga da tsinken tsintsiya har ƙafafu da hannuwa su cika. Zaren ɗinkin sau da yawa zararsa ake yi daga bakin tsohon zane. Gashi kuma daga baƙin ƙyallen da aka warware, ko zaren ulu, ko zaren buhu da aka shafa wa baƙin tukunya. Ido na iya zama maɓalli ko ɗigon biro. A nan kaka ke shigowa: ita ke zura zare in ido bai gaza ba, ita ke nuna yadda ake kalmasa baki kada ya zare, ita ke warware ɗinkin da ya karkace ta ce a sake.

Abin da ke fitowa ba ya bin ƙa'idar kowane tela. Kai ya fi jiki girma, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, riga ta leshi, zane na shaddar maza, ɗan kwali na atamfar da wata amarya ta ɗinka bara, har maƙwabta su gane ta wace ce. Babu mai damuwa da wannan. Inda ba a yafewa shi ne ɗauri. In zanen ya kwance ko ɗan kwalin bai zauna yadda ake yayi ba, ƙawaye za su yi ta dariya har a gyara. Ƙawaye biyu da suka sami ƙyalle iri ɗaya kuwa anko suke yi wa nasu.

Kammala ɗinki shi ne farkon wasan. Mai ita ta ce ta haihu, ƙawaye su zo barka, a sa ranar suna, a raɗa wa jaririya suna, daga nan ba a kiranta da komai sai “ɗiyata”. A goya ta da ɗan majanyi, a yi mata wanka, a lallashe ta. Babban sha'ani shi ne aure. Wata ta kawo namiji, wanda yawanci kara ne da aka sa wa hula, ta zama uwar ango. A haɗa lefe a akwatin ashana. A jera kayan ɗaki da murafen kwalba da gwangwanayen tumatir da fasassun tangaran. A tuƙa tuwon ƙasa da miyar ganye, wani lokaci kuma uwa ta ba da ɗan garin gaske a dafa a 'yar tukunya. A yi ƙunshi, a yi guɗa, a kai amarya. Duk wanda ya saurara daga bayan zana zai ji maganganun manya ne ke fitowa daga bakin yara ba a rage komai ba: lefen ya yi kaɗan, dangin ango ba su da kunya, gara ba ta kai ta wance ba.

Manya sukan ce wasan koyon raino ne, kuma malamai ma da wannan suka kafa hujja. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Yarinyar ƙauye mai shekara bakwai ta riga ta saba goyon ƙanenta na gaske, mai nauyi, mai kuka, mai fitsari a baya. Ba ta bukatar tsumma ya koya mata. Abin da 'yar tsana ke ba ta wanda ƙanen ba ya ba ta shi ne iko. A nan ita ke zaɓen suna, ita ke yanke sadaki, ita ke cewa an fasa. Ɗinki da kitso kuwa da gaske a jikinta ake fara koyonsu, tun da kuskure a kanta ba ya ɓata yadin kowa, ba ya kuma sa kowa kuka.

Yara maza nasu daban ne: dokin kara, shanun laka, motar kara, daga baya motar gwangwani da waya. Wanda aka kama yana goyon 'yar tsana ya shiga uku da tsokana. Amma ranar kai amarya akan nemi mai mota, a biya shi da ƙuli-ƙuli.

Irin wannan abin wasa ba na Hausawa kaɗai ba ne. Gidan tarihi na British Museum da ke Landan yana ajiye da wata 'yar tsana daga Masar ta zamanin mulkin Rumawa, tsakanin ƙarni na 1 da na 5, an ɗinka ta da lilin an cusa mata tsummoki da guntayen ganyen takarda. A Afirka ta Yamma an fi sanin ta Asante a Gana da ta Mosi a Burkina Faso, amma waɗannan na itace ne, gwanaye ke sassaƙa su, kuma manyan mata ma sukan goya su don neman haihuwa. Ta Bahaushe ba ta da wannan matsayi. Yaro ke yin ta don yaro, in ta yi dauɗa ko kare ya ɗauke ƙashin a sake wata, shi ya sa ba kasafai ake adana ta ba.

Daga shekarun 1970, da kuɗin man fetur suka yawaita, kayan roba suka mamaye kasuwannin ƙauye, daga bokiti da buta har zuwa 'yar bebi mai jar fata da shuɗin ido da gashin da ba ya kitsuwa da kyau. 'Yan koli ke baje ta ranar kasuwa da lokacin Salla, kuma a yau kusan duk daga Sin take zuwa. An yi ƙoƙarin samar da masu kama da masu saye. Bayan Barbie ta Amurka da ta fito a 1959, wani kamfani a Siriya ya fitar da Fulla mai lulluɓi a 2003, Taofick Okoya ya kafa Queens of Africa a Legas a 2007, Haneefah Adam ta Ilori kuma ta yi suna a Instagram da ɗinka wa Barbie hijabi da dogayen riguna. Waɗannan kayan birni ne, kuɗinsu ya fi ƙarfin aljihun manomin Bukkuyum. Wadda ke isa ƙauye ita ce mai arha, sau da yawa tsirara ko da 'yar rigar da ba ta rufe komai ba, don haka aikin farko da ake yi mata shi ne sutura. Roba ta karɓe jikin, amma ɗinkin kayan yana hannun yarinya. Da hijabi ya zama tufar yau da kullum ta 'yan mata, ita ma 'yar tsana aka shiga yanka mata nata.

Ƙyallen kansa ya canja. Masaƙar Gusau ta tsaya, babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007, atamfar Sin da yaduka masu santsi na roba suka maye gurbin na auduga. Sun fi ƙyalli, amma suna zamewa a hannu, bakinsu yana zarewa, har yara suka koyi ɗan haska shi da wuta don ya kama. Dilolin gwanjo kuma sukan zo da 'yan dabbobin wasa masu laushi da yaran Turai suka gama da su.

A 2010 wasan ƙasa ya zama abin tsoro a wani sashe na yankin. Farashin zinare ya tashi, mutanen ƙauyuka suka riƙa kawo duwatsun ma'adini cikin gida suna daka su a turmi, suna niƙawa a injin niƙan hatsi, ba su san duwatsun cike suke da dalma ba. A watan Maris na shekarar, likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan mutuwar ƙananan yara. Bincike ya gano gubar a Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum, da wasu ƙauyukan. Yara aƙalla 400 suka rasu, aka yi wa dubbai magani. A wasu gidaje dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ƙa'idar Amurka a lokacin ga filin wasan yara 400 ce. 'Yan ƙasa da shekara biyar abin ya fi kamawa, domin su ke zama a ƙasa, su ke kai hannu da duk abin da suka riƙe baki, tsumma kuma yana riƙe ƙura. Maganin da aka yi wa ƙauyukan shi ne kankare saman ƙasar tsakar gida da ɗakuna, a kwashe a binne, a zuba sabuwa. Na Bagega, wadda ta fi girma, sai a 2013 aka yi. Aka kuma yi ta jan hankalin iyaye su raba aikin zinare da gida, su riƙa wanke hannun yara da abin da suke wasa da shi.

Ba a gama farfaɗowa daga wannan ba, hare-haren 'yan bindiga suka tsananta. Ƙauyuka da dama sun watse, gonaki masu nisa sun zama kufai, dubban mutane suka kwararo cikin garin Anka, wasu suka zauna a filin sabuwar fadar sarki da ba a gama ginawa ba. A farkon Janairu 2022 an kashe mutane masu yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum cikin 'yan kwanaki. Iyalin da ba su yi noma ba ba su da kara ko totuwa, wanda bai yi layya ba kuma ba shi da ƙashi, don haka yaran da suka yi gudun hijira da tsumman gwanjo da leda da zaren buhu suke haɗa tasu.

A cikin garuruwa kuwa ɗinki ya ƙara shiga hannun mata. Keke ya shiga jerin kayan ɗakin amarya a gidajen da ke da hali, gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji kuma sukan raba shi ga zawarawa da 'yan gudun hijira bayan koyon sana'a. Matan aure da yawa suna karɓar ɗinkin unguwa daga cikin ɗakinsu, musamman hijabai da kayan yara. A irin waɗannan gidaje ƙyalle a tsakar gida yake zuba, kuma yarinya takan wuce daga allurar hannu zuwa taka keken uwarta tun ƙafarta ba ta gama kai wa matakin ba, ta fara da rigar 'yar tsana, sannan a ba ta kalmasar ɗan kwalin masu kawo ɗinki.